Yadda Ake Saita Imel a Waya Da Layin MTN, Airtel, Glo ko 9mobile, Ya Kuma Zama Mallakar Mai Shi

Duk lokacin da aka buɗe rajistar JAMB, ko aka ji ana ɗaukar 'yan sanda, ko aka ce an buɗe shafin bashin karatu na NELFUND, matasa daga Gulma da ƙauyukan da ke kewaye da ita sukan hau mashin ko mota zuwa Argungu ko Birnin Kebbi don cike fom. Tambayar farko a shagon intanet ita ce ko mutum yana da imel. Idan ya ce babu, nan take mai shago zai buɗe masa ɗaya, ya rubuta adireshin da kalmar sirrin a guntuwar takarda ya miƙa masa. Saboda layi ya yi tsawo kuma kowa na sauri, sau da yawa lambar da ake sa wa imel ɗin ta mai shagon ce, ko ta wani yaronsa, ko ma a tsallake wurin gaba ɗaya.

Matsalar ba ta bayyana a ranar. Sai bayan wata biyar ko shida, lokacin da saƙon da ake jira ya shiga akwatin da mai shi ba zai iya buɗewa ba, takardar ta ɓace, mai shago kuma ya buɗe wa ɗaruruwan mutane irinsa, ba ya ma tuna fuskarsa. Da haka ake rasa ranar tantancewa, ko hanyar sake saita kalmar sirrin wani shafi mai muhimmanci.

Wannan darasin zai bi matakan saita imel a waya tun daga layin da ke cikinta. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne layin waya yana yi wa imel aiki biyu: shi ne hanyar da saƙo ke bi ya iso, kuma shi ne mabuɗin da ake dawo da imel da shi idan an manta kalmar sirri. Wanda ya gyara na farkon ya bar na biyun, bai gama saiti ba.

Wa ke riƙe da saƙon?

Ɓangarori uku ne ke cikin harkar. Akwai wayar da ke hannu, akwai kamfanin layi irin su MTN da Airtel, sannan akwai kamfanin imel irin su Google mai Gmail, da Yahoo, da Microsoft mai Outlook. Saƙonnin ba a cikin sim suke ba, ba kuma a ofishin kamfanin layi ba. Suna ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfanin imel, waɗanda ake kira saba.

Misalin ya yi kama da manomin da ya kai buhunan shinkafarsa sito. Shinkafa tana sito, mota kuwa aikinta ɗaukowa da kaiwa. Idan motar yau ta lalace aka hau wata, buhunan suna nan yadda aka bar su. Haka idan mutum ya bar Glo ya koma Airtel, ko ya hau wayifai, imel ɗinsa bai taɓu ba.

A da kamfanin layi yana da hannu a harkar fiye da haka. MTN da Econet, wanda ya yi ta sauya suna har ya zama Airtel a 2010, sun fara aikin GSM a Najeriya a 2001, Glo ya biyo baya a 2003, Etisalat kuma a 2008 kafin ya koma 9mobile a 2017, sunan da ya riƙe har 2025. A zamanin BlackBerry sai an sayi wani tsari na musamman mai suna BIS daga kamfanin layi kafin imel ya riƙa faɗowa waya da kansa. Kamfanin BlackBerry ya rufe wannan tsohon tsarin a ranar 4 ga Janairu, 2022. Yanzu data ta gama-gari ta wadatar, babu wani kuɗin imel na daban da ake biyan kowa.

Mataki na ɗaya: a tabbatar hanya a buɗe take

Kafin a taɓa manhajar imel, a duba abubuwa huɗu.

Na farko, irin datar da aka saya. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin kamfanoni suka zama iri ɗaya: *312# don sayen data, *323# don duba ragowarta, *310# don duba kuɗin kira, 300 kuma don magana da ma'aikatan kamfani. A nan ne da yawa ke ruɗewa. Akwai data mai arha da aka ware wa WhatsApp, Facebook ko TikTok kaɗai. Mai irin wannan datar zai ga hira tana tafiya lafiya lau, amma Gmail ya ƙi motsi, sai ya ɗauka wayar ce ta lalace. Imel yana buƙatar data ta gama-gari, ko da ta megabayit 100 ce.

Na biyu, sim ɗin da ke ba da data. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix, itel da Redmi sim biyu suke ɗauka. A shiga “Settings”, sashen sim da netwok, a tabbatar layin da aka saya wa data shi ne aka zaɓa ya riƙa ba da ita. Idan ba haka ba, wayar za ta ci kuɗin kiran ɗaya layin.

Na uku, APN. Wannan shi ne sunan ƙofar da waya ke ƙwanƙwasawa a wurin kamfanin layi don a bar ta ta fita intanet. Sabbin wayoyi sukan saita shi da kansu da zarar an sa sim. Wayar da ke buƙatar a sa mata da hannu galibi ita ce wadda aka shigo da ita na hannu daga waje, ko wadda aka yi wa filashin, ko wadda wani ya cusa wa saitin “browsing kyauta”. A cikin sashen sim, a danna layin, a nemi “Access Point Names”, a danna alamar ƙari, a cike kamar haka:

MTN: APN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, sunan mai amfani web, kalmar sirri web.
Airtel: APN shi ne internet.ng.airtel.com, sunan mai amfani internet, kalmar sirri internet.
Glo: APN shi ne gloflat, sunan mai amfani flat, kalmar sirri flat.
9mobile: APN shi ne 9mobile, sauran a bar su babu komai.

Wuraren “Proxy” da “Port” a bar su wayam. Tsohon adireshin da aka bari a nan yana iya barin burauza ta riƙa wahala ko wasu manhajoji su ƙi aiki. MCC na Najeriya 621 ne. MNC kuma 30 ne na MTN, 20 na Airtel, 50 na Glo, 60 na 9mobile, amma waya takan cike su da kanta, kada a canza. A adana, a zaɓi sabon APN ɗin, a kunna alamar jirgin sama na daƙiƙa goma a kashe. Idan saitin ya riga ya cakuɗe, zaɓin “Reset to default” da ke saman shafin yakan warware shi.

Na huɗu, kwanan wata da agogo. Wayar da batirinta ya mutu murus takan farka da shekarar da ba daidai ba. Sabar imel tana gabatar da takardar shaidar tsaro mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan agogon waya ya kauce, sai ta ɗauka shaidar ba ta da inganci ta ƙi haɗawa. A kunna zaɓin da ke barin waya ta ɗauki lokaci daga netwok.

Gwajin wannan matakin: a buɗe Chrome a shiga wani shafin labarai. Idan ya buɗe, hanya ta samu.

Mataki na biyu: buɗe sabon Gmail da layin mai shi

A “Settings” a nemi “Accounts”, a danna “Add account”, a zaɓi Google, sannan “Create account”. Daga nan:

1. A sa suna yadda yake a takardar NIN da ta makaranta. Sunan da aka rubuta nan shi mai karɓar saƙo zai gani. Jami'in da ke duba takardun neman aiki ba zai ɗauki saƙon da ya zo da laƙabin TikTok da muhimmanci ba.

2. A sa ranar haihuwa ta gaskiya. Idan aka sa shekarar da ta nuna mutum bai kai 13 ba, Google zai ɗauke shi yaro ya nemi izinin iyaye.

3. A zaɓi adireshi mai sauƙin faɗa da baki: suna, sunan mahaifi, wataƙila da lamba biyu. Gmail yana karɓar harafi 6 zuwa 30. Ba ya karɓar haruffa masu lanƙwasa, don haka ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Ɗigon da ke tsakiyar suna ba ya canza komai a Gmail. Da shi da babu shi, akwati ɗaya saƙon zai shiga.

4. Kalmar sirri ba ta gaza harafi 8, amma gara ta fi haka. Lambar waya, shekarar haihuwa da sunan gari su ne abin da ɓarawo ke fara gwadawa. Hanya mai sauƙi ita ce a haɗa kalmomin Hausa uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, a saƙa lambobi da alama a tsakaninsu. A rubuta ta a littafin da ke zama a gida, kada a bar ta a hoton cikin wayar.

5. Lambar waya ta zama ta mai imel ɗin, wadda aka yi wa rajista da NIN ɗinsa. A zaɓi Najeriya, +234 zai fito, sai a rubuta lambar ba tare da sifilin farko ba. Google zai turo saƙon tes mai farawa da G- da lambobi shida. Wasu wayoyin ba sa tambayar lamba a wannan gaɓar. Idan haka ta faru, a sa ta daga baya kamar yadda mataki na gaba ya nuna.

Da an gama, manhajar Gmail za ta ɗauki asusun da kanta. Shi ne kuma zai buɗe Play Store da YouTube, ya riƙa adana lambobin mutane idan an kunna masa.

Mataki na uku: karɓe imel ɗin da wani ya buɗe

Wanda ya riga ya yi rajistar JAMB ko wani fom da imel ɗin shago bai kamata ya watsar da shi ya buɗe sabo ba, domin can ne saƙonni za su ci gaba da zuwa. Abin yi shi ne ya maida shi ƙarƙashin ikonsa tun yana da kalmar sirrin.

A sa asusun a waya ta hanyar “Add account”, da adireshin da kalmar sirrin da ke takarda. Idan Google ya ce zai tura lamba zuwa wani layi, zai nuna lambobi biyu na ƙarshensa. Idan na mai shago ne, a je wurinsa da wayar a hannu a yi abin a gabansa, cikin mutunci. Yawancinsu ba da mugun nufi suka sa lambarsu ba.

Bayan an shiga, a buɗe Gmail, a danna hoton da ke sama ta dama, a zaɓi “Manage your Google Account”, a shiga “Security”. A yi waɗannan a jere:

A canza kalmar sirri.
A goge lambar da ke “Recovery phone”, a sa ta mai shi.
A “Recovery email” a sa imel na wani amintacce a gida, ko imel na biyu na mai shi.
A “Your devices” a fitar da duk kwamfuta ko wayar da ba a sani ba.

Google yana iya ci gaba da amincewa da tsohuwar lambar har tsawon kwana bakwai bayan an canza ta, don haka a sa ido a wannan makon. A kuma lura cewa kalmar sirrin imel daban, ta shafin JAMB daban. Canza ɗaya ba ya canza ɗayar.

Mataki na huɗu: Yahoo, Outlook da imel na makaranta

Manhajar Gmail tana ɗaukar imel na wasu kamfanoni. A danna hoton da ke sama, a zaɓi “Add another account”. Idan Yahoo ne ko Outlook, a danna sunansa a jerin. Shafin kamfanin zai buɗe, a shiga a ba da izini, shi ke nan. A iPhone kuma ana bi ta “Settings”, sashen “Mail”, sannan “Accounts”.

Ɗaliban da makarantarsu ta ba su adireshi mai ƙarewa da edu.ng, ko ma'aikatan da kamfaninsu ya ba su imel na aiki, su fara tambayar sashen kwamfuta na wurin a kan wane tsari imel ɗin yake. Idan na Google ne a zaɓi Google, idan na Microsoft ne a zaɓi “Exchange and Office 365”. Idan ba ɗaya daga ciki, sai a zaɓi “Other” a cike da hannu. Nan ne ake buƙatar sanin kalmomi uku.

IMAP yana barin saƙonni a saba, waya tana nuna su ne kawai. Abin da aka karanta ko aka goge a waya, haka zai bayyana a kwamfuta. POP kuma yana kwaso saƙon ya sauke a na'ura ɗaya, a wani saitin ma ya share shi daga saba. Idan wayar ta faɗa ruwa a fadama, saƙonnin sun tafi da ita. Saboda haka IMAP ake zaɓa. SMTP shi ne mai fitar da saƙo. Shi ya sa ake iya samun waya tana karɓar imel amma ta kasa turawa: ɓangaren shigowa daidai yake, na fita ne ke da kuskure.

Ga na manyan kamfanonin:

Gmail: shigowa imap.gmail.com, ƙofa 993, tsaro SSL. Fita smtp.gmail.com, ƙofa 465 da SSL ko 587 da STARTTLS.
Yahoo: shigowa imap.mail.yahoo.com, ƙofa 993. Fita smtp.mail.yahoo.com, ƙofa 465 ko 587.
Outlook: shigowa outlook.office365.com, ƙofa 993. Fita smtp-mail.outlook.com, ƙofa 587.

A wurin sunan mai amfani a rubuta cikakken adireshin, har da abin da ke bayan alamar @. Kada a yi amfani da ƙofa ta 25. Masu samar da intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza.

Akwai abin da tsofaffin bayanan da ke yawo a intanet ba sa faɗa. Tun ƙarshen watan Mayun 2022 Google ya daina barin tsofaffin manhajoji su shiga da kalmar sirri zalla, Microsoft ma ya yi haka ga Outlook a watan Satumban 2024. Idan tsohuwar manhajar “Email” da ta zo da waya ta dage cewa kalmar sirri ba daidai ba ce alhali daidai take, wannan ne dalili. Mafi sauƙi a koma manhajar Gmail ko ta Outlook. Wanda dole sai da tsohuwar, Google yana ba da kalmar sirri ta musamman mai harafi 16, amma sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Imel na makaranta aro ne. Makaranta na iya rufe shi bayan an gama karatu, don haka kada a ɗora asusun banki ko Facebook a kansa.

Mataki na biyar: saiti don wurin da sabis ke rawa

A cikin gari sabis na iya kai 4G, a fita gona ya koma H ko E. Imel ya fi yawancin manhajoji haƙuri da wannan, domin saƙon rubutu zalla kilobayit kaɗan ne. Abin da ke cin data shi ne hotuna da takardun da aka maƙala.

A saitin manhajar Gmail, a danna adireshin, a gyara waɗannan: “Sync Gmail” ya kasance a kunne. Yawan kwanakin da ake saukewa yana zuwa a 30. Ana iya rage shi zuwa 7. A sashen hotuna a zaɓi a riƙa tambaya kafin a nuna su. Saukar da abin maƙalawa da kansa a bar shi ga wayifai.

Idan an kunna “Data Saver” ko tsarin tattalin batir, waya takan hana Gmail aiki a bayan fage, saƙo ba zai shigo ba sai an buɗe manhajar. A shiga bayanan manhajar a ba ta izinin data mara iyaka, a kuma cire ta daga jerin waɗanda ake kashewa don batir. Wayoyin Tecno da Infinix suna da zafin hannu wajen kashe manhajoji, masu su su fi kula da wannan.

Saƙon da aka tura babu sabis yana zama a “Outbox”, zai fita da kansa idan sabis ya dawo. Ba sai an sake rubuta shi sau uku ba, kada ya isa sau uku. Ba a cewa saƙo ya tafi sai an gan shi a “Sent”. Gmail ba ya ɗaukar abin maƙalawa da ya wuce megabayit 25, kuma hoton kyamara ɗaya na iya kai megabayit uku ko huɗu. Takardun makaranta gara a ɗauke su da sikanan da ke cikin manhajar Google Drive, ya maida su PDF guda.

Google yana ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, kuma Gmail, Drive da Photos ne ke raba shi. Daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta shiga lissafin. Mai tara bidiyon biki da na wa'azi a WhatsApp zai iya cika wurin bai sani ba, kuma idan ya cika, imel ya daina shiga ya daina fita. A saitin ajiyar WhatsApp a cire bidiyo.

Mataki na shida: tsare mabuɗin

Tunda lambar dawo da asusu ta layi take zuwa, duk wanda ya riƙe layin ya kama hanyar imel ɗin. Hanyoyi huɗu ne mabuɗin ke kuɓucewa.

Layi ya mutu. Sim ɗin da aka jefa a aljihu wata da watanni ba kira ba data, kamfani yakan rufe shi, daga baya ya sayar wa wani da lambar. Sabon mai lambar shi zai riƙa karɓar saƙon Google. Wannan ya shafi JAMB kai tsaye, domin layin da aka tura NIN da shi zuwa 55019 ko 66019 aka karɓi lambar furofayil, shi ne hukumar ta sani. A riƙa sa masa kati ko na naira ɗari ne lokaci zuwa lokaci.

Layin ba da sunan mai shi yake ba. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa sim da NIN. Idan layi ya ɓace, wanda NIN ɗinsa ke kai shi kaɗai zai iya yin welkom bak. Mai amfani da sim ɗin yayansa ko wanda ya saya da rajista a kai, ranar da ya ɓace ba shi da ta cewa. Ana duba matsayin layi da *996#.

An sace waya. Ɓarawo yakan zare sim ya sa a wata wayar, ya karɓi lambobin imel da na banki. Maganinsa a sa wa sim ɗin PIN a sashen “SIM lock”. Kada a yi cinke: kuskure uku yana kulle shi sai da PUK, wadda ke jikin katin da sim ya zo a ciki, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi har abada. Wanda bai san PIN na asali ba ya kira 300. Ranar da aka sace waya, a sa kamfani ya rufe layin, a shiga asusun Google ta wata wayar a fitar da wadda aka sace.

Babu sabis gaba ɗaya. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe a wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina, wasu wuraren har tsawon watanni. Duk wanda shigarsa imel ta rataya kan saƙon tes kaɗai sai da ya yi tafiya neman sabis. Masu fatauci ta Kamba zuwa Gaya ko ta Kangiwa zuwa Dogon Dutsi ma sun san yadda layin Najeriya ke yi idan an tsallaka Nijar: tes na iya makara, data kuma ta yi tsada idan an bar “Data roaming” a kunne. Rigakafin yana cikin “2-Step Verification”. A kunna shi, a nemi “Backup codes”: lambobi goma ne masu alƙaluma takwas-takwas, kowace sau ɗaya take aiki. A kwafe su a littafi. Manhajar Google Authenticator ma tana fitar da lamba ko babu sabis ko kaɗan.

Akwai kuma wanda ke miƙa mabuɗin da hannunsa. Babu ma'aikacin Google, ko na banki, ko na kamfanin layi da zai kira ya ce a karanto masa lambar da aka turo. Saƙon da ya ce daga hukumar gwamnati yake, a danna sunan mai turowa a ga ainihin adireshin. Na JAMB jamb.gov.ng ne. Wanda ya zo daga Gmail yana neman kuɗin “tabbatar da gurbi”, damfara ce.

Abu biyu na ƙarshe a wannan sashen. Google na iya goge asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba, tsarin da ya fara aiki a Disambar 2023. Sannan kafin a sayar da waya ko a yi mata filashin, a cire asusun Google daga cikinta. Idan ba haka ba za ta kulle tana neman tsohon imel, mai saye ya rasa yadda zai yi. Mai sayen ta hannu shi ma ya sa a cire na tsohon mai ita a gabansa.

Idan abu ya ƙi

WhatsApp na aiki, imel ba ya shiga: a duba irin datar da *323#.
Saƙo ba ya zuwa sai an buɗe manhaja: “Sync” a kashe yake, ko tattalin batir ya hana.
Ana karɓa ba a turawa: a duba sabar SMTP da ƙofarta.
Waya na kukan matsalar tsaro: a gyara kwanan wata.
Lambar Google ba ta iso ba: a duba ko akwatin tes ya cika, a jira minti biyu, ko a zaɓi a kira da murya.
An ce an turo saƙo ba a gani ba: a leƙa “Spam” da “Promotions”, a kuma duba ko gigabayit 15 ɗin sun cika.
Kamfanin layi ya ƙi gyara matsalar da aka kai masa: layin ƙorafi na NCC shi ne 622, kyauta ne.

Gwajin ƙarshe

Saiti bai kammala ba sai an gwada. A kashe wayifai, a bar datar layi kaɗai. A tura wa kai saƙo mai ɗauke da ƙaramin hoto, a ga ya fito a “Sent” ya kuma shigo. A roƙi wani ya turo saƙo, a kulle waya a ga ko za ta yi ƙara da kanta. Daga nan a buɗe sabon shafin sirri a Chrome, a shiga Gmail da adireshi da kalmar sirri ba tare da kallon takarda ba. A ƙarshe a koma “Security” a karanta lambar da ke “Recovery phone” da ido, a tabbatar ita ce ta sim ɗin da ke cikin wayar.

Duka aikin bai wuce rabin awa ba da data kaɗan. Ya fi kyau a yi shi a gida da natsuwa mako guda kafin a buɗe rajista, ta yadda idan aka isa shago a Argungu ko Birnin Kebbi aka yi tambayar imel, mutum zai faɗi nasa, ya buga kalmar sirrinsa da hannunsa inda ake buƙata, ya kuma fita daga asusun kafin ya tashi daga kujera.